Kalmar da Malam Ya Rubuta Mini

Da ƙarfe goma da rabi na safiyar wata Laraba hedimasta ya karanta sunayen waɗanda suka ci jarrabawar shiga kwalejin 'yan mata, bai kira nawa ba. Zamanin Jihar Arewa ne, ina ajin ƙarshe a firamaren Tambuwal. Wurin gwaggota nake zaune, iyayena suna Kebbe.

Sati uku na yi ina rafka tagumi a aji. A gida duk wanda ya gan ki haka sai ya ture miki hannu, amma malaminmu na Turanci kalma ɗaya kawai ya rubuta da jar tawada a ƙasan aikina: moping. Na duba ƙamus, na kwafe ma'anarta tsaf, wato zama cikin baƙin ciki da jin tausayin kai. 'Yan aji suka samu abin tsokanata. Na gaji da kalmar, na gaji da kaina.

Takardar neman sake jarrabawar tana cikin jakata ban cike ba, ga shi ranar Juma'a za a rufe karɓa. Ranar Alhamis Gwaggo tana tankaɗe, na fassara mata kalmar, na tambaye ta ko laifi ne mutum ya ji tausayin kansa.

Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ba laifi ba na, ɗiyata. Ni ma na yi, wata shida cur, sa'ad da maigidana yar rasu. Babu wanda yah hana ni. Sai dai da nit tashi, damana ta wuce, ba a shuka gonata ba."