Gaisuwar da Baba Ya Ɗora Min

Shekarun baya, ranar da zan taho London aikin asibiti, mahaifina ya ba ni saƙo guda ɗaya. Ya ce, "Idan ka je, ka gaishe min da kocina."

Kocin nan Bature ne ɗan Scotland. Ya buga ƙwallo a matsayin ɗan wasan baya a Glasgow, ya koma wani kulob a London, ciwon gwiwa ya raba shi da wasa yana tsaka da ƙarfinsa. Sai ya ɓulla Kaduna yana horar da 'yan ƙwallon wata masaƙa. Baba ne golansa har shekara biyu, labarin da muka sha ji har muka haddace.

Na ce, "Zai ji, Baba," ina dariya a raina. Tsohon ya ɗauka London Tudun Wada ce, ka tambayi mai shayi ya nuna maka gida.

Abin kunyar shi ne, an samo min kocin. Mijin wata nas da muke aiki tare a Marylebone mayen ƙwallo ne, cikin mako ya kawo min adireshi a Stratford, tafiyar rabin awa. Na cusa takardar a aljihun kwat. Duk wayar da muka yi sai Baba ya ce, "Ka gaishe shi kuwa?" Ni kuma in ce, "Ina kan shift ne, Baba, weekend zan je." Shekara uku ina wannan waƙar, har Allah ya karɓi abinsa.

Sai bayan na dawo daga makoki na je. Na tarar da kocin ya tsufa tukuf, yana dogara sanda. Ina ambaton Kaduna da sunan Baba fuskarsa ta washe. Ya ce, "Dogon bahagon nan? Wanda ya ƙi shan ruwa da azumi har na yi ta masa faɗa?" Ya ɗaga hannunsa yana gwada min yadda Baba ke naushin ƙwallo. Ranar na fara ganin mahaifina yana saurayi.

Na isar da gaisuwar, na kasa faɗa masa sauran. A bakin ƙofa ya riƙe hannuna ya ce, "Ka gaishe shi. Ka ce masa ya daina gaggawar fitowa daga raga."

Na ce, "Zai ji."

Yanzu duk gaisuwar da aka ba ni ba ta kwana. Amma waccan tana nan a wuyana, kuma wallahi ina kewar Baba. Har yau in jirgin ƙasa ya tsaya a Stratford sai na ji hannuna ya kai kan waya, ina so in ce, "Baba, na je. Yana amsawa."