Yaya Mai Karatu Ta Bar Gado

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Yaya Mai Karatu a ɗakinta, 'ya'yanta biyu, Babba da Auta, na gefenta. Auta ce ta kira ni. Na zauna a kan matakalar gidana da waya a hannu, bakina na maimaita cewa daga Allah muke, gare Shi za mu koma, har rana ta iso ƙafata. Ga wanda bai san ta ba, in har akwai shi, ita ce muryar da ta yi shekara da shekaru tana karanta littattafan labari a rediyo kowace yamma. Ni kuwa marubuciya ce, ɗaya daga cikin waɗanda ta kama wa hannu.

Yaya, ba zan yi miki rubutun kuka ba. Kin tsani labarin da ke ƙarewa da hawaye, kuma a kan haka kika kayar da ni a gaban jama'a.

Littafina na farko ya ƙi fita. Katan-katan ya taru a ƙarƙashin gadona, maigidana yana tsokanata wai shi ne ke riƙe mana da katifa. Kika zo da ƙafarki, ba aike kika yi ba, kika durƙusa kika jawo katan ɗaya, kika ɗauki kwafi kika sa a jaka. Ranar da na je tasharku na tarar kin sa reza kin yanke bayan littafin, kin baza shi shafi-shafi a kan tebur. Wallahi saura kaɗan in faɗi. Kika yi dariya kika ce makirufo ba ya ƙaunar ƙarar buɗe takarda. Kowane shafi kika gama sai ki zame shi a hankali, ya sauka kan tawul ɗin da kika shimfiɗa a ƙasa. Haka kika yi wa marubuta masu yawa, ba ki taɓa tambayar ɗan gidan wane ne ba. Wanda rubutunsa bai nuna ba sai ki kira shi gefe ki gaya masa gaskiya, ba ki taɓa tozarta kowa a iska ba.

Rigimarmu a kan littafina na biyu ta tashi. Labarin wata mata ce mai ɗinki, da kowa ke kira Tela, wadda ciwo ya kwantar, 'ya'yanta mata na kallon keken ɗinkinta a rufe. Na ƙare shi da jimla ɗaya: "Da gari ya waye, Tela ta bar gado." Nufina a fili yake a wurina. Ta rasu, ta bar wa 'ya'yanta keken ɗinki su gada. Amma a takarda gadon kwanciya da gadon magada haruffa huɗu ne iri ɗaya. Baki ne ke raba su, ɗaya a taƙaice, ɗaya a ja shi.

Ina kicin ranar da kika karanta shafin ƙarshe. Da kika iso kalmar ƙarshe, sai kika faɗe ta a taƙaice, cikin murya mai fara'a. Gadon kwanciya. Na saki ludayi a tukunya. Kafin in buɗe baki maƙwabciyata ta fara dukan bango tana ihu, "Ta tashi! Tela ta tashi!" Na leƙa taga, ga mai shago yana tafi, ga direba ya tsaya a bakin hanya yana danna hon. Matar da na kashe da hannuna, kin tashe ta da harshenki.

Washegari na same ki a tasha, raina a ɓace. Kika cire tabarau kika dube ni.

"Ƙanwata, haruffa huɗu kika ba ni kika yi tafiyarki. Ni kuwa makonni na yi ina zaune da matar nan. Ban ga alamar mai mutuwa a jikinta ba."

Na tambaye ki ko kuskure ne ko da gangan. Kika ce in sha ruwa tukuna.

Bayan haka tasharku ta tambayi masu sauraro wane littafi suke so su gani a fim. Waya ta ƙi hutawa. Masu ɗinki, ma'aikatan asibiti, direbobi, tsofaffin da ba su taɓa riƙe littafi ba, magana ɗaya suke yi: littafin Tela, kuma so suke su ga ta sauko da ƙafarta ƙasa da idonsu. Daraktan da zai yi fim ɗin ya zo gidana da murnarsa. Na ce masa na yarda, amma Tela mutuwa za ta yi, don haka na rubuta. Ya dafe kai ya ce in ya kashe ta 'yan kallo za su karya masa kujeru. Na ce su karya. Takarda tana iya riƙe ma'ana biyu ta yi shiru, kyamara kuwa dole ta zaɓi ɗaya, ni kuma na kafe. Wanda ya san ni ya san ba a lanƙwasa ni da sauƙi. Magana ta tsaya cak wata da watanni, jama'a na jira, ke kuma ko sau ɗaya ba ki roƙe ni ba.

Ana cikin haka ciwo ya kwantar da ke. Na zo duba ki a asibiti na tarar kina karanta wa ɗakin labari da ragowar muryarki, mata sun yi tsit. Da kika gaji kika rufe ido, sai matar da ke gadon kusa da ke, an sa mata ƙarin ruwa, ta jawo hannuna. Ba ta san ko ni wace ce ba. Ta ce, "Baiwar Allah, kin san labarin Tela? Kullum in na ji kamar ba zan kai gobe ba, sai in ce ai ita ma ta bar gado." Ta faɗe shi a taƙaice, irin faɗin da kika yi. Daga barandar asibitin na kira Darakta na ce masa ya tashe ta.

Daga ranar tsorona ya koma ɗaya: kada a gama fim ɗin ba ki gani ba. Likita bai ɓoye mana komai ba. Ni da na hana aiki tafiya, ni na koma mai tsaye a kan Darakta, har ya fara ɓuya in ya hango ni. Ke kuma aka mai da ke gida, ƙafa ta daina ɗaukarki, abinci ma sai an tallafe ki.

Ranar da za a fara nuna shi, mun shirya a kawo miki har ɗaki ki kalla a kwance. Kika ce wa Babba ta miƙo miki takalmi. Malam, maigidanki, ya yi magana, kika dube shi kawai, ya tashi ya ɗauko makullin mota. Kika sauko da ƙafa ɗaya, kika sauko da ta biyu, Babba a dama, Auta a hagu. Na ga wannan da idona, kuma ban taɓa rubuta abin da ya kai shi ba.

Zauren ya cika maƙil, babu wanda ya san fuskarki. Wata tsohuwa ce kawai ake tallafowa. Sai kika ce wa mutanen layin gaba, "Don Allah ku ɗan matsa mini." Wani mutum ya juyo a firgice ya ce, "Mai Karatu ce!" Magana ta bi layi-layi har bango, zaure ya miƙe tsaye gaba ɗaya. Shekaru kina shiga gidajensu ba su gan ki ba, ranar suka biya ki da tafi har hannu ya yi zafi.

Da aka zo ƙarshe, Tela ta yaye bargo, ta taka ƙasa, ta je ta buɗe keken ɗinki, ta zaunar da 'yarta a kai ta ɗora hannunta a kan nata. Jama'a suka ɗauka da baki ɗaya, "Ta bar gado!" Kika matso kunnena kika ce, "Kin ji yadda ake faɗinsa?" Na ji, Yaya. Na yi kuka, na yi dariya, kuma ban taɓa jin daɗin shan kaye irin na ranar ba. Har kika koma ga Allah ba ki gaya mini ko kuskure kika yi ba, na kuwa daina tambaya.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa, Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata makwancinta, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Yadda ta sanyaya zukatan marasa lafiya da masu kaɗaici, Ka sanyaya mata, Ka sa Aljanna ce makomarta. Malam, Allah Ya ba ka haƙurin rashin abokiyar zama. Babba da Auta, Allah Ya dafa muku, Ya albarkaci abin da ta bari a hannunku. Abokan aikinta da dukan masu sauraronta, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ga marubutan da kika tsayar da ƙafafunsu, ga fim ɗin da ba don ke ba da babu shi, ga matar asibitin nan da aka sallama ta zo jiya ta yi wa 'ya'yanki gaisuwa da ƙafarta. Don haka zan sake rubuta haruffa huɗun nan, kuma yau ba kya nan balle ki gyara mini.

Yaya Mai Karatu ta bar gado. Wannan karon, jama'a, ku ja shi.