Baba Mai Zare da shafi tamanin da suka rage

Ƙarfe bakwai da rabi Baba Mai Zare yake buɗe ɗan ɗakinsa da ke bayan ɗakin karatu na gari, ya dama gam, ya zura zare a allura, ya jawo tulin littattafan da masu aro suka yi wa kaca-kaca. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana ɗinke su. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

A aji huɗu ya bar makaranta, kuma ɓeraye ne suka haɗa shi da tsofaffin littattafan Turawa. Sun cinye kusurwoyin wani ƙaton labari da ya warware, lambobin shafi suka tafi. Da wani ne, da ya ɗinke takardun yadda suka zo, wa zai gane? Shi kuwa ya ɗauko ƙamus, ya yi wata biyar yana bin labarin har ya jera su daidai. Tun daga nan ba ya ɗinka littafi sai ya karance shi, ba malami, ba mai tambaya.

Matarsa takan ce, "Malam, mutanen cikin littattafan nan fa ba a taɓa haifar su ba, kai kana ta jin haushinsu!"

"Ke dai ba ki san surukar labarin nan ba," in ji shi.

Akawun wurin tana nan ranar da wani malamin jami'a ya ce an juya babi biyu a wani littafin da Baba ya ɗinka. Baba bai ko ajiye allura ba ya ce, "Ranka ya daɗe, ai matar ba za ta shiga takaba ba jirgin mijin bai nutse ba." Aka samo wani kwafi aka duba, ashe Baba ne da gaskiya. Malamin ya jawo kujera ya zauna.

Kai ne allura, Baba, ka tufatar da wasu ba a san da kai ba. Muna ƙaunarka, mun kuma gode.

Yanzu ido ya gaza, ƙananan haruffa sun daina ganuwa, alhali saura shafi tamanin ya kammala littafin da ke hannunsa. Abokan aiki suka ce za su saya masa agogon bango na ban kwana.

"Ku bar agogo," ya ce. "Ku samo min mai karanta min sauran, amma a hankali."

Mai ido lafiya da ke jiran malami kafin ya buɗe littafi, ya dubi bawan Allah nan. Ni dai na ɗauki Asabar, zan riƙa karanta masa. Sauran ranakun mako suna nan ba mai su.