Ramuka Uku a Simintin Tsakar Gida

Madubin hangen taurarin nan a cikin tarkace na tsince shi. Lokacin ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na wata sakandare a Samaru, ni ke wanke kwalabe, ni ke jera kayan aiki kafin ɗalibai su shigo. Ranar da aka ce a kwashe sito sai ga wani dogon akwatin katako, a ciki akwai farin bututu, da ƙafafu uku, da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyin tsiya. Aka ce wani Bature malamin lissafi ne ya bar shi tun kafin a ɗauke ni aiki. Shugaban makaranta ya ce in ajiye shi a gidana tunda sito yoyo yake yi, in ya gyaru ɗalibai su amfana.

Dunƙulen ƙarfen nan shi ne mazaunin da ke ɗauke da bututun, kuma shi ne ya kusa sa ni furfura. Wata da taurari ba a tsaye suke ba. Da ido ba ka lura, amma a cikin madubi gudu suke yi, kana saitawa ka juya ka amsa sallama, kafin ka dawo sun fice. Shi ya sa aka yi wa mazaunin wata sanda wadda dole ta kalli arewa sak, a ɗan ɗage ta daidai da inda garinku yake a doron ƙasa. In ta zauna daidai, wani ɗan injin batir da ke gefe zai riƙa juya bututun a hankali yana bin wata. In ta kauce, sai dai ka yi ta farautarsa da hannu. Duk wannan na karanta shi a ɗan littafin da ke cikin akwatin, kuma daga karantawa na ɗauki kaina gwani.

A wannan shekarar mahaifina yana zaune a wurina saboda zirga-zirgar asibiti. A ƙauyenmu, can gaba da Bomo, shi ne mai ganin wata. In azumi ya gabato shi ake jira ya hau tudun bayan gari, in ya ce ya gani, ba mai sake tambaya. Sai ga shi idon da ake alfahari da shi ya kamu da hawan jini. Likita ya ja ni gefe ya ce wannan ba yana ba ce da za a kankare. Na hagu ya riga ya tafi, na dama saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta kafar makulli, kuma shi ma lissafin watanni ake yi masa.

Baba bai ji abin da likita ya ce ba, amma ya sani. Ranar da ya ji ina ƙwanƙwasa ƙarafa a tsakar gida ya tambaye ni, “Wannan abin naka yana nuna wata?”

Na ce, “Har duwatsun da ke kansa, Baba.”

Ya ce, “To ka nuna mini kafin a rufe shago.”

Damina ta ɗauke, sama ta wanke tas. Bayan magariba na kafa madubi, na kamo wata, na zaunar da Baba a kujera. A nan na gane ashe aikin ba ƙarami ba ne. Mai lafiyar ido yana sa ido yake gani. Shi kuwa sai ya lalubo gilashin da hannu, ya kawo fuska, ya yi ta karkata kai yana neman inda ɗan ganinsa zai haɗu da hasken. Kafin ya samu, wata ya bar wurin. In na kama bututun zan dawo da shi, komai ya girgiza, a koma farko. Injin yana ta ƙugi amma ba ya bin komai. Ƙarfen nauyin da ke daidaita bututun kuma sai ya riƙa dukan ƙafar gaba.

Ni mutum ne mai gajen haƙuri, ban ɓoye ba. A dare na uku na ce masa, “Haba Baba, ka daina motsa kai mana!” Can ya ɗago ya ce, “Na gani. Yana da kyau.” Na san bai gani ba. Mutumin da zai kwashe rabin sa'a yana kwatanta maka yadda ƙahon jinjirin wata ya karkata ba zai ga duwatsunsa ya ce yana da kyau kawai ba. Don ya hutar da ni ya faɗa, kuma kunyar wannan maganar har yau ba ta sake ni ba.

Washegari na naɗe mazaunin a buhu na hau bas zuwa Sabon Gari. Makanikai biyu suka juya shi suka ce ba layinsu ba ne. Na uku ya nuna mini wani lungu a bayan kasuwa, ya ce in nemi tsohon da ke gyaran keken ɗinki da agogon bango. Mutumin kudu ne, Kirista, ya tsufa a Zariya, kowa Oga yake ce masa. Shagonsa ɗan ƙarami, bangonsa ɗaya da wani masallacin 'yan kasuwa.

Ya sa tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya, ya kwance murfin giyar da ke juya bututun, ya dangwala ya shinshina yatsa. “Tisha, wane ne ya sa wannan?”

Na ce ni ne, giris ɗin babur ne.

“Ka ɗauka Honda ne?” Ya girgiza kai. “No be so, Tisha. Wannan ɗan'uwan agogo ne.”

Kwana biyu ina zuwa bayan an tashi daga makaranta ina zama a kan benci ina kallonsa. Ya wanke haƙoran giyar ɗaya bayan ɗaya da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ya shafa musu wani farin mai kaɗan da tsinken ashana. Ya nuna mini ƙananan notuna biyu da ke matso da giya kusa da 'yar'uwarta. Ya ce in na ɗaure da yawa injin zai shaƙe, in na sassauta da yawa bututu zai yi lilo, sai in riƙa juyawa kaɗan kaɗan ina ji a yatsa. Ya koya mini zame ƙarfen nauyin a kan sandarsa har bututu ya tsaya duk inda aka sake shi. Maganar dukan ƙafa kuwa, na gaya masa an ƙera abin ne don ƙasar Turawa, inda sandar ke ɗagewa sama sosai, mu kuwa a Zariya digiri goma sha ɗaya ne, kusan a kwance. Ya yi ɗan tunani, ya yanko guntun bututun famfo mai kauri, ya kai wa mai walda, ya ɗaga mazaunin sama da ƙafafun da kamar taƙi guda. Ƙarfen nauyi ya riƙa wucewa bai taɓa komai ba.

Na koma Samaru ina jin kaina a sama. Na kafa, na kunna inji, sautinsa ya koma siriri kamar na agogo. Na zaunar da Baba. Wata ya sake sulalewa. Ba da gudu irin na da ba, amma yana zamewa gefe a hankali, kuma kafin Baba ya lalubo shi ya fita.

Da safe ko makaranta ban je ba, na dira a shagon Oga da faɗa. Na ce ya ɓata mini kwanaki, na ce wata yana ta girma, in ya cika haskensa zai kashe wa tsoho ido ba tare da ya ga komai ba, in wannan zagayen ya wuce ban san ko idon zai kai na gaba ba. A cikin faɗan ne ya fara jin labarin Baba, don ban taɓa gaya masa dalilin gyaran ba. Bai rama ba. Ya cire tabarau ɗaya ya ce, “Me ya sa ba ka faɗa tun farko?” La'asar na yi ya rufe shago, ya zuba sukundireba da filaya a leda, muka hau bas tare.

Ya gaisa da Baba har ƙasa, sannan ya ce in kafa abin yadda na saba, shi kallo zai yi. Tauraron arewa a wurinmu ƙasa-ƙasa yake, katangar maƙwabcina da mangwaronsa sun tare shi, don haka dabarar da kowane ɗan gidanmu ya tashi da ita na yi. Na tsaya na fuskanci inda masallacin layinmu ke kallo, na miƙa hannun hagu, na ce nan ne arewa. Na juya sandar can.

Oga ya ce, “Wa ya gaya maka?”

Na ce, “Wa zai gaya mini? In ka fuskanci alƙibla, hagunka arewa ne. Yaro ma ya sani.”

Ya ce, “Tisha, ni ba na salla, amma shekara talatin ina buɗe shago a jikin masallaci. Rana ba ya fitowa inda liman yake kallo sai damina ya kama. Yanzu yana fitowa can dama da shi sosai. Masallaci ba ya kallon gabas sak.”

Na buɗe baki zan yi musu sai na ji Baba yana dariya a kan tabarma, irin dariyar da ya daɗe bai yi ba. Ya ce, “Gaskiyan Oga ne. Alƙibla ya karkata wajen arewa, duk wanda ya taɓa aza harsashin masallaci ya san haka. Ashe abin da kake ta yi kenan? Da ka tambaye ni ai.”

Ban tambaye shi ba. Sati guda ina zaunar da shi kamar kaya, mutumin da ya fi ni sanin sama tun ban zo duniya ba. Hannun haguna ya kauce wa arewa da digiri ashirin da wani abu, kuma duk wankin giyar duniya ba zai gyara wannan ba.

Su biyun suka tsara yadda za a yi, ni na koma ɗan aike. Washegari Asabar, Oga ya dawo da sassafe. Muka kafa doguwar ƙusa a tsaye a kan katako a tsakar gida, muka zana da'ira kewaye da ita da alli da zare. Da hantsi, inda kan inuwar ya taɓa da'irar muka sa alama. Bayan azahar ya sake taɓa ta a ɗaya gefen, muka sa ta biyu. Layin da ya haɗa su shi ne gabas da yamma na gaskiya, wanda ya gicciye shi kuwa arewa da kudu. Muka ɗora ƙafar gaba a kan layin arewa, Oga ya duba da ɗan ma'aunin ruwa irin na magina, sannan ya ɗauki ƙusar kankare da guduma ya sassaƙa ƙananan ramuka uku a siminti, ɗaya ga kowace ƙafa. Ya ce, “Kullum ka sa a nan. Kada ka sake tambayar hannunka.”

Wata ya riga ya cika a lokacin, sai da muka jira sabo. Kwanakin nan sun yi mini tsawo, kullum da safe sai na lura ko Baba yana iya ganin kofin shayinsa. Da sabon ya kwana shida na aika wa Oga, ya zo kafin magariba ya zauna a kan bokiti yana jira mu idar da salla.

Na kamo wata a tsakiyar gilashi, na kunna inji, na mayar da hannuwana baya na riƙe su. Baba ya lalubo, ya kawo fuska, ya yi ta karkata kai. Minti biyu, uku, biyar. Sai na ga kafaɗunsa sun tsaya cak.

Ya daɗe a haka. Can ya fara magana ƙasa-ƙasa, bai ɗago ba. Ya ce akwai ramuka jere a bakin duhu kamar kaskon waina. Ya ce ga wani babba da ɗan tsauni a tsakiyarsa, ga inuwar tsaunin ta kwanta gefe guda. Ya yi ta lissafa su yana gyara kansa, yadda yake yi a kan tudu in mutane sun kewaye shi. Sannan ya ce, “Shekara arba'in ina ce ma mutane na gan shi. Ashe daga bakin ƙofa nake gaishe shi.” Ya miƙa hannu yana neman Oga, ya riƙe nasa da hannu biyu yana sa masa albarka, Oga yana cewa amin, amin, Baba.

Na yi wa Allah godiya a wannan magaribar, na kuma yi wa tsohon nan da na je na zazzaga wa rashin kunya a shagonsa. Na ba shi haƙuri a hanyar raka shi bakin titi. Ya ce in bar wannan, in dai tuna da wanke giya duk ƙarshen damina, kuma kada giris ɗin babur ya sake kusantar ta. Har yau haka nake yi, kuma ɗalibai da yawa sun ga wata ta cikin madubin nan.

Baba ya sake gani sau huɗu ko biyar. Kafin damina ta dawo idon ya rufe gaba ɗaya. Ya ƙi yarda a riƙa juya shi in zai yi salla, ya ce shi ba buhu ba ne. Wata la'asar na dawo daga aiki na tarar da shi a tsakar gida ba takalmi, yana shafa siminti da tafin ƙafa. Ya samu ramuka biyun baya, ya taka gaba ya samu na ukun. Ya tsaya ya fuskanci arewa, ya juya dama, sannan ya ɗan dawo hagu kaɗan, ya shimfiɗa dardumarsa. Na leƙa ta saman katanga na dubi masallacin layinmu. Daidai yake.