Babu Issifou a Dosiye

"Baba Issifou, ni ban ce ƙarya kake ba. Cewa na yi babu sunanka a dosiye, a takardun ma'aikata!"

Ajaratu ta tsayar da ludayi a tukunyar wake da shinkafa. Bangon langalanga ne kawai tsakanin rumfarta da ofishin siton albasa na marigayi Alhaji Buraima, ko tari aka yi a ciki tana ji. Wannan muryar Karim ce, ɗan Alhajin da ya gaji siton.

"Babu sunana? Kai Karim, a kan buhunan nan na yi renonka kana ta majina!"

Duk Zongo babu wanda bai san Issifou ba. Ya zo Lomé yana saurayi don jana'izar wansa Abdoul, mai kula da siton. Ranar sadakar uku Alhaji ya miƙa masa makullai ya ce ya tsaya a gurbin ɗan'uwansa. Da ya yi maganar takardar ɗaukar aiki, Alhaji ya dafa kafaɗarsa: "Haba, mu da muke sahu ɗaya a masallaci? Ta Abdoul tana nan, ai jini ɗaya ne." Shekara ashirin da ɗoriya yana shaƙar warin ruɓaɓɓiyar albasa, yana gane buhun da zai lalace tun yana kan mota. Hutunsa, ciwon bayansa, ƙarin matsayinsa, babu wanda aka rubuta.

Mutane suna cewa Alhaji mutumin amana ne. Ajaratu kuwa ta daɗe da gano bakin zaren. Wanda ba shi da takarda ba ya iya tafiya ko'ina, kuma Alhaji ya san haka sarai. Da murmushi ya ɗaure shi.

Yanzu Karim zai rufe siton ya koma sayar da babura a unguwar Adidogomé. Wani sito kusa da tashar jiragen ruwa ya yarda ya ɗauki Issifou, in dai ya kawo takardar shaidar aiki. Ba tare da ita ba, dattijo ne kawai mai furfura da ciwon baya.

"To ga mafita, Baba," in ji Karim, ya sassauta murya. "In rubuta maka takardar da sunan Abdoul, shekarunsa da naka a haɗe. Wa zai bincika?"

Ajaratu ta ji zuciyarta ta tafasa. Wato in Karim ya rubuta sunan Issifou, ya amsa da hannunsa cewa ubansa ya yi shekaru yana aiki da mutum a ɓoye. Sunan matacce ya fi masa arha.

Kujera ta yi ƙara. Ta leƙo, sai ga Issifou a bakin ƙofa yana saka takalmi. Ya ajiye makullai a kan dakali.

"Abdoul ya gama aikinsa, yana kwance a maƙabarta. Ba zan tashe shi ya je ya nema mini abinci ba."