Zinariya Ba Ta Kiɗa a Bayan Labule

Duk wadda ta taɓa kiran Zinariya mai ƙwarya kiɗan biki a cikin Bauchi ta san sharaɗinta. Kafin ta sauke daro, kafin ta tambayi ina ruwa, sai ta bi tsakar gidan da ido. In ta ga zane a igiya tsakaninta da 'yan biki, ko tabarma da aka rataya don kare rana, sai an cire. In uwar biki ta ce, "Rana fa," sai ta ce, "Hajiya, ni da rana mun saba." In an ƙi, ta mayar da daronta ka, ta kama hanyar gidanta a Fadaman Mada. Wasu mata na cewa girman kai ne, wasu su ce iskokinta ne ba sa son labule. Masu faɗin haka bakinsu ya riga kansu tashi daga barci.

A Gwallaga aka haife ta, autar Habibatu mai ƙosai. Allah Ya ba ta jiki Ya ba ta murya, tun tana ajin farko na sakandare ta fi malamanta mata tsawo. 'Yan aji suka sa mata Tirela. Malamai suka kai ta benci na ƙarshe wai tana tare allo, daga nan kuma ba wanda ya sake tambayarta ko tana ganin allon. Kullum a makare take zuwa, don sai ta kai markaɗen wake ta dawo sannan ta sa yunifom. Horon masu makara a makarantar kuwa ɗaya ne: ɗebo ruwa a wanke ban-ɗaki.

A bakin famfon da ake ɗebo ruwan ta san Obadiya, yaron da shan inna ya taɓa wa ƙafa, tun daga unguwar Inkil yake jan ƙafar. Malamin da zai wuce shi a kan babur, bai ko ce masa hau ba, shi ne zai tsaya a get da bulala yana duba agogo. Ta ukunsu Yagana ce, mai tabon wuta daga kunne har haɓa. Ita da gangan take makara. Ta gwammace warin ban-ɗaki da tsayuwa a layin asambuli ana leƙen fuskarta.

Yayan Obadiya na da shagon hayar kaset. Wata Asabar da rana suka zauna a ciki suka kalli wani fim na Turawa, na 'yan makaranta da kowa ke gudu, suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar kiɗa. Turancin ta hanci ake yin sa, ba su kama ko rabi ba, amma sun gane fuskoki.

"Waɗannan ne wai ake ƙyama?" in ji Zinariya. "Ji haƙoran yarinyar nan kamar shinkafa. A kawo su makarantarmu su ga yadda ake yi."

Obadiya ya ce, "Ai kin ga ƙarshe. Da suka yi kiɗa kowa ya miƙe yana tafi."

"Su da jita. Kai da me, ɗan Inkil?"

"Ni da ƙwaƙwalwa. Ke da maƙogwaron kwandasta."

Yagana, wadda ba a cika jin muryarta ba, ta ce, "Kakata ta bar mini shantu."

Haka aka yi. Obadiya ya sami galan ɗin mai da sanda da wayar burkin keke, ya haɗa abin da yake kira jita. Zinariya ta ɗauko ƙwaryar uwarta ta kife a kan ruwa cikin daron wankin ban-ɗaki, ta buga, sai ga sauti mai zurfi kamar daga cikin rijiya. Ita ke ba da waƙa, su biyu suna amshi, Obadiya ya koya wa Yagana yadda suke raba murya a coci, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kafin bokitai su cika sun yi waƙa ɗaya. Horo ya zama abin da suke kwana da ɗokinsa. A bayan ban-ɗakin nan aka fara jin Yagana tana dariya ba ta rufe kumatu da mayafi ba.

Ana haka Firinsifal, Malam Mijinyawa, ya zo wucewa ya ji. Ranar rabon kyauta ta kusa, manyan baƙi za su zo, shi kuwa mutum ne mai son a ce makarantarsa ta fi ta kowa. Ya kira su ofis ya ce su za su yi waƙar buɗe taro. Har ya sa wasu ɗalibai uku su riƙa zama wurin gwaji, wai su koyi abin kirki. Babbarsu A'i, 'yar wani darakta, fara sol, mai takalmi kullum a goge.

Zinariya ta je gida ta tarar da uwarta a gaban kasko.

"Inna, ranar Alhamis kada ki soya."

"Me kika yi kuma?" Habibatu ba a taɓa kiranta makarantar ba sai don ƙara.

"Waƙa zan yi a gaban manya. Kuma zan kira ki."

Matsami ya tsaya a hannun Habibatu. Duk macen da ta san kiɗan ƙwarya ta san abin da wannan ke nufi. In mai waƙa ta ambace ki a tsakiyar taro, ba a zama. Tashi za ki yi ki rangaɗa guɗa, ki taka har gabanta ki liƙa mata abin da ya sauwaƙa a goshi, kowa ya ga wadda aka kira ya ga wadda ta yi kiran. Habibatu ta tsufa a bakin wuta tana soya wa bukukuwan mutane, ba zabiyar da ta taɓa sanin tana wurin. Ta ce, "Allah Ya kai mu," ta juya ƙosan da ya riga ya ƙone. Washegari ta ciro atamfarta daga ƙasan adaka ta shanya, ta sa aka canjo mata sabuwar takardar kuɗi.

Ran Alhamis zauren taro ya cika. A kan dandamali an kafa wani koren labule mai kauri da ƙusoshi, daga bango zuwa bango. Malam Mijinyawa ya ja su uku zuwa bayansa, inda aka ajiye musu makirfo da daro.

"Nan za ku zauna," in ji shi. "A'i da 'yan uwanta za su tsaya a gaba. An aro musu jita ta gaske. Ku yi waƙar, su motsa baki."

Zinariya ta ce, "Ranka ya daɗe, waƙarmu ce."

"Wa ya ce ba taku ba ce? Amma ido ke fara cin abinci kafin baki. Manyan mutane ne a waje, za a ɗauki hoto." Ya dubi ƙafar Obadiya, ya dubi kumatun Yagana, ya dubi galan. "Ku ma kun sani. Kuma jarrabawar fita ta kusa, kowa ya kama kansa."

Da ya fita Zinariya ta fara kwance ɗankwalin da ta ɗaure ƙugu da shi. Obadiya ya riƙe mata hannu ya ce, "Tirela, jarrabawa." Yagana ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Ni dai nan ya fi mini." Wannan maganar ta fi ta Firinsifal ƙona ran Zinariya. Ta leƙa ta wata 'yar huda, ta hango uwarta can a benci na baya cikin atamfar adaka, tana ta miƙa wuya.

Ta zauna ta buga ƙwarya. Waƙa ta tashi, A'i na motsa baki daidai, manya na gyaɗa kai. Da aka zo baitin ƙarshe Zinariya ba ta sauke ba. Ta sake kiɗa, ta ɗaga muryar nan da suke kira ta kwandasta.

"Ina Inna mai ƙosan Gwallaga,
wadda hayaƙi bai hana gani ba,
taso, autarki ke kira."

Obadiya da Yagana suka amsa, don bakinsu ya saba. A'i kuwa ba a koya mata wannan ba, ta tsaya baki buɗe kamar kifi a faranti.

Habibatu tun bugun farko ta san muryar 'yarta, ta zauna tana haɗiyar abin da take gani. Yanzu an kira ta. Ta miƙe ta rangaɗa guɗa, ta ratsa tsakanin kujerun manya, ta hau dandamali. Malam Mijinyawa ya tare ta yana murmushin dole yana nuna A'i.

"Iya, ga mai waƙar nan."

"Malam, ni na goyi muryar nan. Wannan 'yar mutane ce, ko ƙosaina ba ta taɓa ci ba. Matsa."

Hannun da ya saba ɗaga kasko ya kama labule ya fizga, ƙusoshi suka yi tsalle. Ga Zinariya gurfane gaban daron ban-ɗaki, ga Obadiya da galan, ga Yagana da shantu. Habibatu ta manna takardarta a goshin 'yarta, gumi ya riƙe ta.

A fim ɗin Turawa nan ne kowa ke miƙewa da tafi. A zauren nan dariya aka yi. 'Yan aji suna "Tirela, Tirela," manya suna duban takalmansu, darakta ya ja hannun 'yarsa ya fita. Ba wanda ya tambayi wa ya kafa labulen. Kafin sati ya zagayo an kori Zinariya, wai rashin ɗa'a da kunyata baƙi. Mutumin da ya shirya ƙarya a gaban iyayen yara ya ci gaba da zama a kujerarsa yana yi wa yara wa'azin gaskiya kowace safiya. Habibatu ta je ofishin ilimi har silifas ɗinta ya tsinke, kullum a ce mai sa hannu ya fita. Aka yi jarrabawa Zinariya na markaɗen wake.

Wata safiya a gaban kasko uwar ta ce, ba ta dube ta ba, "Na yi miki ɓarna ko?"

Zinariya ta ce, "Kin ji kiran?"

"Har Gwallaga an ji."

"To zuba, mai ya yi zafi."

Obadiya ya gama makarantar, yanzu gyaran keke yake yi, ran Lahadi ya riƙe jita ta gaske a cocinsu. Yagana ba ta koma ba bayan korar ƙawarta. Ita ce ke zama a daman Zinariya a gidajen biki da shantu, fuska a buɗe, wanda zai kalla ya kalla.

Labulen kuwa Habibatu ba ta sake shi ba ran nan, da shi ta fito a hannu, ba kuma wanda ya yi ƙarfin halin zuwa Gwallaga karɓa. Ya yi shekaru yana rufe kwandon wake. Abin da ya rage shi ne koren gammon da Zinariya ke ɗora daro a kai in ta bar gidan da aka ƙi cire mata zane.