Tambayoyin da Mode Ya Yi a Kan Karensa

Yayana Mode shekara sittin da biyu gare shi, arba'in daga ciki a fadamar Rimawa ya yi su yana noman albasa. Ni ce Kaltume, autarsu. Tun da mijina ya rasu na dawo gidansa da awakina bakwai, kuma in gaya muku gaskiya, zama da Mode sai mai haƙuri. Ba ya faɗa, ba ya zagi, amma ko kunama ta harbe shi sai dai ka gane daga tafiyarsa. Kunya kuwa, ko buta zai ɗauka sai ya leƙa ya tabbata ba mace a tsakar gida.

Yana da baƙin kare, Duna, wanda ya shekara tara yana gadin rudu, rumfar karan da ake ajiye albasa. Duna bai taɓa shigowa gida ba, Mode kuma ba ya yarda ya lashe shi. Amma na sha kai abinci gona in tarar da shi yana ba karen nan labarin da bai ba mu ba.

Bayan daminar bara Duna ya fara lalacewa. Haƙarƙari a waje, ciki kuma cike da ruwa, in ya yi fitsari sai kumfa ta tsaya a ƙasa kamar ta sabulu. A kwanakin ne na lura Mode ya take bayan takalminsa, ya cire zoben azurfar da ban taɓa ganinsa babu shi ba, kuma da safe idanunsa a kumbure suke.

"Yaya, mi ya samu ƙahwarka?"

"Tsayuwa cikin ruwa," ya ce, ya wuce.

Tsayuwa cikin ruwa! Mutumin da ya shekara arba'in cikin ruwa, sai bana ƙafa ta san da haka?

Ana nan sai likitar dabbobi, Firdausi, wata yarinya 'yar Wurno, ta zo yi wa awaki allura a ƙofar gidanmu. Mode ya jawo Duna da igiya. Ta duba kunnuwansa, ta ciro kaska har biyar, ta jira ya yi fitsari ta tsoma wata 'yar takarda a ciki. Da takardar ta sake launi sai ta ce tana zaton ƙoda ce.

"Baba, ƙoda awa rariya take," in ji ta. "Tana tsiyaye dauɗa, ta riƙe ma jini abin da ke gina jiki. In ta huje, abin kirkin shi bi hitsari, shi ne kumhwar da ka gani. Ruwa kuma shi taru cikin jiki. Ga kare, sau da yawa ciwon kaska ke jawo shi."

Mode ya tsuguna yana wasa da igiya. "To in shina tashi da sahe idanu kumbure, da rana su sace?"

"Kare ya hi nuna shi ga ciki da rama."

"In kuma kai na sara mashi?"

Likita ta ɗago kai. Ta dubi Duna, ta dubi ƙafafun Mode da sunka cika takalmi, sannan ta dube ni. Wallahi ji na yi kamar in kurma ihu. Yaushe Duna ya taɓa cewa kansa na ciwo? Ashe duk tambayoyin nan na Yaya ne, bakinsa ne ba zai iya kama sunan fitsarinsa gaban mata biyu ba.

Yarinyar nan tana da hankali, ba ta tona shi ba. Ta ci gaba tana kallon karen. "Da mutum na, Baba, da na ce a auna jininai da hitsarinai cikin satin ga. Ga mutum, hawan jini ko ciwon suga ko wani ciwon na iya huda rariyar. Mutum ya hi kare sa'a, don shina iya hwaɗin inda ke mashi ciwo tun da wuri, kuma ko abu ya yi tsanani akwai injin wankin ƙoda Sakkwato. Kare ba ya da wannan. Amma in mutum ya yi shiru, to sun zama ɗaya."

Ta ba da ƙwayoyin kwana ashirin, ta ce a riƙa cusa wa Duna cikin tuwo.

Tana tafiya na tare shi. "Yaya, gobe mu tai asibiti."

"Bari mu ga yadda maganin za shi yi ma Duna."

Na yi magiya, na yi kuka, na yi fushi na kwana biyu ban gaishe shi ba. Ko a jikinsa. Kullum da safe ina leƙen fuskarsa, kullum tana ƙara cika. Ranar kwana goma na ɗauki rigarsa zan wanke, sai ga ledar maganin Duna a aljihu, wayam.

"Na kwana ashirin anka ba ka! Ina sauran?"

Ya sunkuyar da kai. "Ciwon guda na, ai kin ji ta ce."

Innalillahi! Ɗaya ga kare, ɗaya ga bakinsa, kwana goma cur. Ban san lokacin da na ɗaga masa murya ba, abin da ban taɓa yi ba tun ina yarinya. Na ce ko ya shiga mota, ko in je ƙofar masallaci in gaya wa dattawan Rimawa abin da yake sha. Wannan ce kawai ta tayar da shi.

A Sakkwato ma ni na yi bayani, shi yana kallon bango. Anka auna, anka ce hawan jini ne ya daɗe yana cin ƙodar, ba ta kai ga wanki ba tukuna, amma ba ta yi nisa da shi ba. Anka kwantar da shi. Kullum in na shigo da kunu, kafin ya amsa gaisuwa sai ya ce, "Ya jikin Duna?" Na gane ya ɗaura ransa ga karen: in Duna ya tashi, shi ma zai tashi.

Kwana na shida maƙwabci ya bugo waya, an tarar da Duna a bakin rudu ya mutu. Kwana biyu ina cewa "da sauƙi", ina tsoron in ya ji zai saki jiki ya bi shi. Rana ta uku ya kafe ni da ido, na kasa, na gaya masa gaskiya.

Can ya ce, "Rabin maganinai ni na shanye."

Na kira Firdausi na sa masa wayar a kunne. Ta ce ko da Duna ya sha duka da wuya ya tashi, an makara. Ta ce shi Mode kuwa ba a makara ba tukuna. Ya miƙo mini wayar, ya juya baya.

Yanzu duk wata muna zuwa awo. Na rage gishiri a miyarsa, yana mita yana ci. Takalmi ya koma shiga, amma duk ranar karɓar sakamako ba na iya karyawa. Bai sake yin wani kare ba.

A zuwanmu na watan jiya likita mace munka samu. Ta tambayi yadda jiki yake, na buɗe baki zan amsa kamar kullum, sai Mode ya ɗaga mini hannu. Ya dubi matar nan, gumi na tsattsafo masa a goshi, ya ce, "Likita, hitsarina ya koma yin kumhwa. Yau kwana huɗu."